Wuƙar Gwadabe Mai Faci

Ni ce na fara zaginsa, gara in faɗa da bakina kafin wani ya faɗa.

Gwadabe mai faci yana da rumfa a bakin tashar da muke hawa motar Abuja, nan Suleja. Dogo ne siriri mai ɗingishi, kuma kowa ya san shi da hali guda: ba ya ba taya iska sai ya tsuguna ya goge gefenta ya karanta lambobi huɗun da ke nuna shekarunta. Direbobi na ce masa Likita don tsiya. In ya ce taya ta mutu, ko kwana za ka yi kana magiya ba zai taɓa ta ba.

Da can shi ma direba ne. Shekara goma sha ɗaya yana jigila zuwa Kaduna, har ranar da tayar gaba ta fashe masa bayan Sabon Wuse. Yana kwance a asibiti ya ji rediyo ta ce “mutum bakwai sun rasu”, aka zarce labarin ƙwallo. Tun daga nan, duk ƙarshen shekara in jami'an kiyaye haɗurra za su karanto adadin waɗanda hanya ta ci a jihar, sai ya kashe injinsa na ba taya iska ya kanga rediyo a kunne.

Ranar da nake ba ku labari Litinin ce. An riga an gargaɗe ni a ofis sau biyu a kan latti, na uku kora ce. Mu goma sha takwas muka cika motar Callistus, ni ina bayan direba. Muna fita sai ya ratse gaban rumfar, wai a ƙara wa tayar gaba iska.

Gwadabe ya tsuguna ya karanta. Ya zura hannu ta ciki ya shafa, ya daɗe bai ɗago ba.

“Shekararta tara,” ya ce. “Ga kumburi ta ciki kamar maruru. Wannan ba za ta kai Kubwa ba.”

“Oga Likita, abeg,” in ji Callistus. “Sa iska kawai. In na dawo, ai swe, na rantse zan canja.”

“Ina safaya?”

Callistus ya kau da kai. Babu.

Gwadabe ya miƙe ya leƙo ta taga. “Jama'a, ku sauka.”

Ba wanda ya motsa. Litinin da safe, wa zai bar kujerar da ya samu da kokawa? Na duba agogo, raina ya ɓaci, na ɗaga murya.

“Malam, ka matsa mana! Rai a hannun Allah yake, ba a hannun mai faci ba. Kai da ka zubar da naka fasinjojin, mu za ka hana neman abinci?”

Gwadabe ya dube ni, ba fushi a idonsa.

“Haka na ce ranar, Hajiya. Rai a hannun Allah.”

Callistus ya tayar da mota, ya ce ai ko ba iska za ta kai. Ya sa giya. Sai muka ga Gwadabe ya zaro wuƙar da yake yankan roba da ita. Wata mata ta ƙwalla ƙara, mun zaci direba zai soka. Ya sha gaban motar da ɗingishinsa, ya durƙusa, ya luma wuƙar a kumburin. Iska ta fice, motar ta karkace.

Kafin ka ce kwabo 'yan tasha sun rufe shi. Mari, naushi, har da mai ƙafa. Bai kare kansa ba, ya dai jefar da wuƙar nesa. Ni kuwa ina ta taga ina cewa a ƙara masa.

Da aka kwance tayar, Callistus ya zura hannu ciki don ya nuna wa jama'a ɓarnar da aka yi masa. Ya zaro hannun da jini. Wayoyin cikin duk sun tsintsinke, sun yi tsatsa, robar na marmashewa. Ya zauna daɓas a ƙasa. Na tuna gudun da yake yi da mu in an wuce Zuba.

Duk da haka shugabannin tasha suka ce in aka ƙyale wannan, gobe kowa ya zo da wuƙarsa. Kafin azahar an tsige rumfar. Ni kuma na isa ofis ƙarfe goma, na tarar da takardar sallama. Na yi wata biyu ina tsine masa, sai ka ce ban ga cikin tayar ba.

A Disamba na neme shi. Na same shi ƙarƙashin wani mangwaro a hanyar Chaza, haƙorinsa ɗaya babu, injin a kashe, rediyo a kunne. Na tsaya har aka gama karanto adadin waɗanda hanya ta ci a shekarar. Kunya ta hana ni gaisuwar kirki.

“Malam Gwadabe,” na ce, “mu goma sha takwas ba ma ciki.”

Ya ajiye rediyon ya dube ni. Ya gane ni sarai.

“Irinku da suka tsira ba a ƙirga su, Hajiya,” ya ce.

Ya ja igiyar injinsa, don wani mai babur na jira.