Kumurcin da Aka Ɗinke wa Baki

Babana baduku ne, takalma yake ɗinkawa a zauren gidanmu cikin tsohon garin Agadas. Amma da ka tambayi mutanen unguwa a wancan zamani, ba da takalma za su kwatanta maka shi ba, cewa za su yi, "Au, mai ƙwarin nan?" Kuma ba ƙarya suka yi masa ba. Akwai kunkuru da ya haƙe mana gindin katanga, akwai damo mai karyayyar ƙafa da ya karɓo daga hannun mafarauta, ga hawainiya a kan magaryar tsakar gida wadda ta hana maƙwabta shigo mana aron turmi. In maciji ya shiga ɗakin wani, kafin a ɗauko taɓarya sai wani ya ce a kira Baba. Ya zo da sandarsa mai baki biyu da burgami, ya kama, ya hau jaki ya kai shi can bayan garake, wato lambunan bayan gari, gefen ƙoramar Telwa, ya sake shi.

Kuma ba ya barin gidan sai ya zaunar da mutane ya yi musu karatu. Wannan ba shi da dafi, ɓera yake ci, amfaninku yake yi. Waccan gajeruwar mai ƙara kamar an zuba ruwa a mai zafi, kububuwa ce, ita ce mai kisa. Kada a tura hannu cikin rami, kada a jingina itace da ɗakin kwana, kada a fita ba takalmi. Nan ne mata ke fashewa da dariya, su ce, "Ku ji baduku, ashe talla ya zo!" Shi ma ya yi dariya, ya maimaita musu daga farko.

A wannan gida na tashi, kuma in faɗi gaskiya ban taɓa son ƙwarin nan ba. Ni ke share kashin kunkuru, ni ake yi wa tsiya a bakin rijiya. Ranar da aka kai ni ɗakin miji har hamdala na yi, na ce na rabu da masu jan ciki.

Maigidana magini ne. Ƴan shekaru ke nan da samun mulkin kai, ana ta gine-gine, shi kuwa tsohon gari cike yake da kufai. Aikinsu shi ne su rushe tsohuwar katanga, su jiƙa ƙasar, su buga sabon tubali. To, kufai kuwa gidan maciji ne. Shekarar da aka yi mana aure, wansa ya ɗaga wani tsohon tubali kububuwa ta sare shi a yatsa. An kai shi likita, amma an makara, jini ya yi ta zuba ta dasashi har Allah ya karɓi abinsa. A cinyar maigidana ya cika. Tun daga nan mutumin nan bai ƙara zama daidai ba. Ya rame, ba ya cin abinci, in zai fita aiki sai ya tsaya a bakin ƙofa kamar wanda ya manta wani abu. Tausayinsa nake ji, amma ban san abin da zan yi masa ba.

Ana nan sai ga wani gardi ya sauka daga kamiyon kudu, babbar motar kayan nan. Ya kafa wasa a bakin kasuwa, da ganga, da warki duk layu, da wani baƙin kumurci mai tsawon gaske. Ya naɗa shi a wuya, ya mare shi, ya sa kan macijin cikin bakinsa, macijin yana fasa kai yana kai sara, amma ko ƙwarzane. In ya gama sai ya kwance ƙunshin wani garin magani, ya ce duk mai lasar wannan kowace safiya, shi da maciji sai dai gaisuwa. Maigidana ya saya. Bai tsaya nan ba, ya jawo leburorinsa su ma suka saya.

Wallahi da farko murna na yi. Mutum ya dawo yana dariya, yana share kwanon tuwo, har yana tsokanata. Sai matar wani leburansa ta tare ni a bakin rijiya, ta ce, "Ke kina nan? Mijinki fa ya jefar da sandar da yake tsokalar rami, da hannu yake lalube, takalmi ma ya daina sawa. Nawa kuma yana bin sa." Tulun da ke kaina ban san yadda na kai shi gida ba.

Na yi magana da lalama, ya yi dariya. Na yi faɗa, ya ce mace ba ta san sirrin maza ba. Na ce sirrin banza, ka ga wanda ya mutu a cinyarka ko ba ka gani ba? Ya tashi ya fita. Wannan maganar ta yi masa zafi, na sani, amma ni ma cikina wuta yake ci. Kullum in ya fita, duk sallamar da na ji a ƙofa sai gabana ya faɗi.

Da abin ya ishe ni, na ɗauki mayafi da rana tsaka na tafi wurin Baba. Ya saurare ni yana huda fata, bai ɗago ba. Ya ce, "Suruki ba ɗa ba ne, ba zan kira shi in yi masa faɗa ba. Kuma mai jin tsoro in ya sami abin riƙewa, baki ba ya ƙwace shi." Na ce to sai mu zuba ido ya mutu? Kafin ya amsa aka yi sallama a hankali a ƙofar zaure.

Gardin ne, ba ganga, ba warki. Da na gan shi kusa sai na ga ashe dattijo ne ramamme, ƙafafunsa duk faso. Na koma bayan ƙyaure na laɓe. Ya duba hanya hagu da dama, ya tsuguna, ya ce an gaya masa nan ne ake samun siririn zare mai ƙarfi da basilla ƙarama. Baba ya ce na me? Sai dattijon ya buɗe kwandon da ya zo da shi.

Baba ya leƙa, ya daɗe yana kallo, sai na ji ya ce, "Inna lillahi." Bakin kumurcin a ɗinke yake, gefe da gefe, an bar ɗan gurbi a tsakiya inda harshe ke fitowa. Wurin ya kumbura yana ruwa, zaren ya fara ruɓewa, shi ya sa yake neman sabo. Macijin da muke gani a kasuwa kamar aljani, ga shi nan fata ta saki, ƙashin baya a fili.

"Tun yaushe bai ci ba?" in ji Baba.

"Tun da na kama shi. In ya mutu sai in nemi wani. A da haƙoran nake karyawa, amma suna sake tsirowa, ɗaya ya taɓa kai ni bakin kabari. Malam, ina da iyali, ban iya wata sana'a ba."

Ni a bayan ƙyaure ji nake kamar in fito in shaƙe shi. Baba kuwa ruwa ya ba shi, ya sa na kawo sauran fura. Ya ce, "Zare dai ba zan ba ka ba. Ka bar mini shi, ka ɗauki takalman can, sun fi ƙarfin hanyar Damagaram. Amma ka sani, yau da la'asar zan nuna wa mutane bakin nan. In kana da kamiyon da za ka hau, ka hau." Dattijon ya sha furar har ƙasa, ya sa takalman, ya fita bai waiwayo ba.

Bayan sallar la'asar Baba ya shimfiɗa ƙirgi a ƙofar gida, ya aika aka kira mutanen unguwa, har da magina. Maza suka yi da'ira, mu mata muna bakin zaure. Maigidana ya zo da leburorinsa, ƙasa har gwiwa, ya durƙusa ya gaida Baba ya koma gefe. Baba ya danne wuyan kumurcin da sandarsa, ya kama bayan muƙamuƙi, ya ɗaga shi ya zagaya da shi gaban kowa.

"Ku duba da kyau, ga maganin gardi. Ɗinki ne, ni baduku ne, na san ɗinki in na gan shi."

Ya ɗauki ƴar aska ya riƙa tsinke zaren ɗaya bayan ɗaya, yana zarewa a hankali, yana yi wa macijin sannu kamar mai cire wa yaro ƙaya. Da bakin ya buɗe, ya sa tsinke ya nuna musu haƙoran, ga ruwan dafi yana ɗiga. Ya wanke ciwon, ya sa shi cikin wata tsohuwar randa, ya rufe da faifai ya ɗora dutse. Ya ce zai yi jinyarsa da ƙwai har ya yi ƙarfi, sannan ya mai da shi daji. Ya ce duk mai garin nan a aljihu ya zubar, ya koma ga sandarsa da takalminsa.

Na sauke ajiyar zuciya, na ce shi ke nan. Ashe ban san wanda nake aure ba.

Leburorin nan duk shi suke kallo, don shi ya kai su suka saya. Na ga wuyansa ya kumbura. Ya matso ya ce, "Baba, ku gafarce ni. Ɗinki dai mun gani. Amma maganin daban ne, ni ina jin sa a jikina."

Wani marar kunya daga baya ya ce, "To ga randa, ga hannunka."

Baba ya ce, "Ba a ƙofar gidana ba." Amma maigidana ya riga ya fara naɗe hannun riga. Fuskarsa na kalla, na ga ba taurin kai ba ne kaɗai. In maganin nan ƙarya ne, gobe da wace zuciya zai shiga kufai? Ya gwammace ya tura hannun a san ta ƙare.

Ban yi shawara da kowa ba. Na keta maza, mayafina ya faɗi ban tsaya ɗauka ba, na zura hannu cikin aljihunsa a gaban ubana da dattawan unguwa, abin da ko a ɗaki ban taɓa yi ba. Na fizgo ƙullin, na kwance, na juye garin duka a bakina. Toka ce da kanwa, da wani abu mai ɗaci, har hawaye suka zubo mini. Na haɗiye da ƙyar, na ce, "Maigida, kai lasa kake yi, ni na shanye duka. In yana yi maka, ni ya fi yi mini. Ni zan fara."

Na juya na ture dutsen. Na ɗaga faifan, na ji huci daga ciki, na miƙa hannu.

Wata irin damƙa na ji a wuyan hannuna, aka fizge ni baya har muka zube ƙasa tare. "Ke! Kin haukace? Kashe ki zai yi!" Da ƙarfi ya faɗa, duk unguwa ta ji. Baba ya riga ya mai da faifan ya taka da ƙafa.

Sai wata tsohuwa ta ce, "To, ashe dai ya sani." Dariya ta ɓarke. Leburorin suka riƙa zaro ƙulle-ƙullensu suna zazzagewa a ƙasa. Maigidana ya tashi, bai kaɗe rigarsa ba, ya bi lungu ya tafi. Ni kuwa Baba ya ja ni cikin zaure, ya yi mini faɗan da bai taɓa yi mini ba tun ina yarinya. Ni dai amai nake ji saboda garin da na haɗiye.

Kumurcin ya rayu. Da farko ko kallon ƙwan ba ya yi, daga baya ya fara haɗiya, bakin ya warke ya bar tabo. Kafin damina Baba ya kai shi can cikin duwatsu, nesa da garake, ya sake shi. Labarin kuwa ya zaga gari, har daga wasu unguwanni ake zuwa a ce Baba ya faɗi yadda ake gane mai dafi. Wasu sun ji, wasu sun ci gaba da sayen gari in wani gardin ya zo.

A gidana dai an daɗe ba a yi dariya ba. Maigida ya ɗauke mini magana. Magina sun sa shi a gaba da tsiya, in ya wuce sai wani ya yi huci irin na maciji. Na san ni na jawo masa, kuma abin ya dame ni, don mutum ne mai kunya. Amma da safe ina ganin ya sa takalmi, ya ɗauki sabuwar sanda da ya sara, ya tsaya jim a bakin ƙofa, sannan ya fita. Tsoron ya dawo masa, kuma da shi yake tafiya aiki. Na ce a raina, yi ta fushinka, mai fushi ai yana dawowa gida da yamma.

Wata rana na kai masa tuwo na juya zan tafi, sai ya ce, "Tsaya." Kansa na ƙasa, yana juya cokalin miya. Ya ce, "Ranar nan, da ban riƙe ki ba fa?"

Na ce, "Haba maigida, ai na san za ka riƙe ni."

Ya gyaɗa kai, ya jawo kwanon, ya ce in zauna mu ci tare. Muka ci. Har ya koma ga Allah da furfurarsa, a kan shimfiɗarsa, ban canza masa wannan amsa ba, don ita ya kamata ya ji. Amma ban sani ba. Lokacin da na ɗaga faifan nan ban san komai ba, sai da na ji yatsunsa a wuyan hannuna.