Ƙotar Wuƙar Kaka

Duk lokacin da na buɗe gwangwanin man kaɗe don in shafa wa ƙarfe, sai Kaka ta faɗo mini a rai. Ƙamshin man kaɗe a jikin wuƙa daban yake da ƙamshinsa a jikin mutum, yana da ɗan ƙarni-ƙarni da ke maƙalewa a yatsu har bayan an wanke hannu. A Kumasi kuwa, inda ruwa ke sauka ya ɗauke ya sake dawowa a shekara guda, duk ƙarfen da ba a shafa wa mai ba tsatsa ce rabonsa. A wurin Kaka na koyi wannan tun ban kai tsawon turmi ba.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Akwai lokacin da wuƙaƙe talatin da ɗaya ke jere a kabad ɗin gilashi a ɗakina na Oforikrom. Ni ba mahauci ba ne, ba na gasa cincinga, wato tsire, a bakin titi, ko albasa na ɗauka zan yanka sai matata ta karɓe don kada in ɓata mata miya. Kayan waya nake sayarwa. Sha'awa ce kawai ta kama ni, irin wadda ke kama wasu a kan tattabaru. Akwai mai naɗewa, akwai mai zane a jikin ƙarfenta kamar ruwa na gudu, akwai wadda mai gwanjo ya rantse mini ta sojan ƙasar waje ce. Ba wadda ta taɓa yanka ko lemo. Yau ina nadamar sayen kowace ɗaya daga cikinsu, kuma ba kuɗin ne ke damuna ba. Idona suka ɓata, har na kasa gane abu mai daraja alhali yana hannuna.

Kaka mahaifiyar Baba ce. A gidanmu na Akwatia Line, cikin Zongon Hausawan Kumasi, na tashi a gabanta, gida mai ɗakuna a jere da famfo ɗaya a tsakiya, inda in ruwa ya sauka a kan kwanon rufi sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Wuƙa ɗaya gare ta duk rayuwarta. Mijinta, wanda fataucin goro ya kawo shi garin nan, shi ya sa wani maƙeri ya ƙera mata ita daga sifirin mota tun ba a haifi Baba ba. Lokacin da na san ta, wasawa ta riga ta cinye ta, ta rame a tsakiya, bakinta ya lanƙwashe ciki kaɗan.

Amma ka ga wuƙar nan a hannun Kaka! Da ita take fere doya, ɓawon ya sauka siriri har kana iya hango haske ta cikinsa. Da ita take yanka kuɓewa a tafin hannunta ba tare da ta duba ba, tana hira da maƙwabciyarmu, wata Ba'asantiya mai sayar da kenke, irin tuwon masararsu, rabi da Hausa rabi da Twi. Da ita take yanke igiyar huhun goro, ta raba sabulu, ta raba nama ranar Layya yadda ba wanda zai ce na wani ya fi nasa. Kowace safiyar Juma'a takan zauna a bakin dakalin ƙofarta ta wasa ta a kan dutse, ta gwada kaifin a farcenta, sannan ta lakato man kaɗe ta shafe ta. Ba ta ba na waje aronta. In maƙwabciya na so, Kaka za ta tashi da kanta ta je ta yi mata yankan ta dawo da abarta.

Wuƙar tana da wani aiki kuma. Duk jaririn da aka haifa a gidan, sai Kaka ta naɗe ta a farin ƙyalle ta ajiye a saitin kansa har ranar suna. Baba, da ya yi karatu a wurin malamai, ya taɓa ce mata wannan canfi ne. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Allah ne mai tsarewa, na sani. Wuƙa dai ta kwana a wurin, ba ta ci maka abinci ba."

Daga ranar Baba bai sake tayar da maganar ba.

Ƙotar wuƙar ta katako ce, ta yi baƙi saboda gumi da mai, kuma gefenta ɗaya cike yake da ƙananan tsage-tsage daga sama har ƙasa, wasu a miƙe, wasu an gicciye su da wata tsagar. Ina ɗan shekara bakwai na tambaye ta me ya yi su. Ta dube ni da idon tsokana, irin wasan da ke tsakanin kaka da jika.

"Ɓera ne ya ci, mijina. Tunda ka ƙi kawo cefane, ɓerayen gidan nan har katako suke ci."

Na yi dariya, na kuma yarda. Na girma, na yi gemu, na yi aure, ban daina yarda ba. Gaskiyar da ban sani ba ita ce, kowace tsaga haihuwa ce. Safiyar suna, bayan wanzami ya gama aski, Kaka takan karɓi askarsa ta shiga ɗaki ta ƙara tsaga ɗaya. Yaron da ya koma, sai ta gicciye tasa. Mutanenmu ba sa ƙirga 'ya'ya da baki, ba sa kuma yawan ambaton waɗanda suka rasu suna jarirai. Ga shi ba takardar asibiti, ba hoto. Abin da gidanmu ya mallaka game da su duka yana jikin katakon nan, kuma magana ce ta ɗakin mata, ba a yin ta da maza.

Da Kaka ta rasu, wuƙar ta koma hannun Mma, mahaifiyata. Shekaru suka shuɗe ba a yi haihuwa a gidan ba, don matasa duk sun watse, wasu Ankara, babban birnin Gana, wasu ƙasashen waje. A shekarun nan ne ciwon sayen wuƙa ya kama ni. Na koyi sunayen ƙarafa, na koyi duba kaifi a hasken taga, na koyi cewa ƙwarzane aibi ne, tabo aibi ne, duk abin da ya nuna an taɓa amfani da wuƙa yana rage mata daraja. Wata damina na je gaida Mma na ga wuƙar Kaka a kan kabad, tsatsa ta fara kama bakinta. Na ce ta ba ni in gyara. Ta ba ni ba musu, tana tsammanin wasawa zan yi in shafa mai.

Ni kuwa na wuce da ita Magazin na Suame, unguwar makanikai da maƙera, wurin wani dattijon maƙeri da ke yi mini kube. Na ce ya goge ƙarfen har ya yi ƙyalli, ya cire tsohuwar ƙota ya sa sabuwa ta baƙin katako mai tsada, da ƙusoshin tagulla. Mutumin nan ya juya wuƙar a hannunsa, ya bi tsagogin da babban yatsansa a hankali. Hausarsa ta kasuwa ce, amma na ji shi sarai.

"Massa, wannan ba ɓera ba ne o. Mutum ne ya yi shi. Ka tambaya gida tukuna."

Na ce masa na fi shi sanin wuƙar kakata. Da na koma karɓa, ya miƙo mini tsohuwar ƙotar a leda, ya ce in tafi da ita. Na ce ya jefar. Ya sake miƙowa. Na ce me zan yi da ruɓaɓɓen katako? Sau biyu Allah ya sa bawan nan nasa ya tsaya tsakanina da wautata, sau biyu na ture shi. Na kai wuƙar gida na ba ta wuri na tsakiya a kabad, ina jin na karrama Kaka.

Bayan wata takwas matata ta haihu, 'ya mace, haihuwarmu ta fari. Mahaifiyarta ta rasu, don haka daga asibiti aka wuce da ita Akwatia Line, Mma ta yi mata wankan jego. Washegari da hantsi Mma ta ce in kawo wuƙar Kaka. Na hau tirotiro, motar hayarmu, da murnata, na ɗauko ta cikin sabon kube, na zare a gabanta ina jiran yabo.

Idon Mma ya yi rauni, da hannu take ganin abubuwa da yawa. Ta karɓa, yatsanta ya tafi kai tsaye gefen ƙotar. Ya bi daga sama zuwa ƙasa. Ta juya ɗaya gefen, ta sake bi.

"Ina ƙotar?"

"Na sake ta, Mma. Waccan ɓera ya gama da ita."

"Wane ɓera?"

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta zauna a bakin gado ta gaya mini abin da na riga na gaya maka, da muryar da take aikena sayen gishiri. Sannan ta ƙara abin da har yau ban manta ba.

"Biyu da ke saman taka, masu gicciye, nawa ne. Kai kana tsammanin kai ne na fari. Ka taɓa jin uwa tana kiran sunan ɗan fari gatsau yadda nake kiran naka?"

Ban taɓa tunani ba. Na ɗauka wayewar Zongo ce. Ashe ina da yayye biyu, mace da namiji, ɗaya ta yi kwana goma sha biyu, ɗaya bai kai wata uku ba. Mma ta ce ranar da kewarsu ta taso mata takan ɗauki wuƙar kamar za ta yanka wani abu, ta ɗora yatsa a wurin. Fiye da shekara talatin tana haka, ko Baba bai sani ba.

A ranar na koma Magazin, ruwa na dukana. Dattijon ya gane ni tun daga nesa. Ya ce ya ajiye ledar wata biyu a saman taga ko zan dawo, daga baya aka share rumfa, komai ya shiga wutar maƙera. Bai ce mini ai na gaya maka ba. Ya dai girgiza kai, ya ce, "Kafra, Massa," wato in yi haƙuri, ya koma kan aikinsa.

Wuƙar ta kwana a saitin kan 'yata, cikin farin ƙyalle, yadda aka saba. Safiyar suna, bayan an yi addu'a an raba goro, maza na cin waina a waje, Mma ta aika a kira ni ɗaki. Wanzamin yanzu da reza yake aski, ya yar da ita in ya gama, don haka ba askar da za a karɓa. Ta ce a cikin tarkacen wuƙaƙena ina mai kaifin? Da ma tun jiya ta ce in zo da guda. Na zaro wadda na fi ji da ita, mai zanen ruwa, wadda ko matata ban bari ta taɓa ba.

Mma ta dafe wuƙar Kaka a cinyarta. Ta auna faɗin yatsu uku daga saman ƙotar ta tsallake wurin.

"Nan na waɗanda aka haifa kafin a kawo ni gidan ne. Kakarka kaɗai ta san su duka. Ba zan yi mata ƙarya ba."

Daga nan ta fara tsagawa, ɗaya bayan ɗaya, leɓɓanta na motsi ba sauti. Baƙin katakon nan da na biya kuɗi aka goge shi har yana ɗaukar ido, ina tsaye ina kallon ɓarɓashinsa na zuba a kan zaninta, kuma wallahi ban taɓa ganin an yi wa abu ado irin wannan ba. Da ta iso kan biyun nan ta daɗe. Ta gicciye su, ta hure ƙurar, ta yi tawa a ƙasansu, ta ci gaba har ta gama da ƙannena da 'ya'yan baffannina. Sai ta miƙo mini wuƙaƙen biyu.

"Ta 'yarka kai za ka yi, don ka san me ake yi." Ta ɗan taɓa bakin mai zanen ruwa da farce. "Ashe suna yanka ma."

Na yi tsagar, ta fito a karkace. Mma ta shafa ta ce ta yi.

Yanzu shekara huɗu ke nan. Kabad ɗin gilashi kwanuka ne a cikinsa. Wuƙaƙen na rarraba wa waɗanda za su cinye su da aiki: mahauta, mai cincingar bakin layinmu, jikar maƙwabciyar nan mai kenke. In na wuce na ga ɗaya ta dushe, ƙotarta ta yi baƙi da maiƙo, sai in ji daɗin da ban taɓa ji ba lokacin da suke ƙyalli a ɗakina. Yau kowane jariri yana da takarda da hotuna ɗari a waya kafin ya yi kwana bakwai, 'yata ba za ta ɓace yadda waɗancan suka ɓace ba. Amma na ga yadda mace ɗaya da ba ta iya rubuta sunanta ba ta riƙe gida guda a kan katako mai tsawon tafin hannu, ba ta manta da kowa ba, har wanda bai yi kwanan da za a san fuskarsa ba.

Mma ta bar mini wuƙar, da sharaɗin in wasa ta duk Juma'a. Makon jiya ina shafa mata man kaɗe, 'yata ta zo ta jingina da gwiwata ta nuna tsagogin.

"Baba, me ya ci nan?"

Amsar Kaka ta zo har bakina, na haɗiye ta. Na ɗora yarinyar a cinya na kama yatsanta, muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Na nuna mata tawa, na nuna mata biyun da ke samana, na nuna mata tata mai karkata a can ƙasa. Sai ta mayar da yatsan sama, wurin nan mai santsi da Mma ta tsallake.

"To nan fa? Ba kowa?"

Na ce akwai mutane a wurin, da yawa, amma ba wanda ya san su yanzu. Ta ce me ya sa. Na ce nan ne ɓera ya ci da gaske, kuma a cinyarsa take zaune.