Kwanakin da na ci da hagu

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyarwa a firamare, na sha zana wa yara ƙasusuwan ɗan Adam a allo, amma wuyan hannu kullum layi ɗaya nake ja masa in wuce. Sai da na faɗi a babur na san abin da ke wurin.

Daga Kurfi nake dawowa gaisuwar mutuwa, da damina. Akuya ta gitta, na taka birki a kan laka, na tafi ƙasa na dafa da tafin hannun dama. Na tashi na kakkaɓe riga, na zagi akuyar da mai ita, na hau na ƙaraso Dutsin-Ma. Maɗorin unguwarmu ya murza wurin ya ce targaɗe ne, ya ja, ya shafa man shanu. Mako biyu ko buta ba na iya ɗagawa, sai na tafi asibiti.

Likita ya ɗaga hoton a hasken taga ya nuna mini. Ƙananan ƙasusuwa takwas, jeri biyu, a cushe kamar tsakuwa. Ya sa bakin biro a kan wanda ke gindin babban yatsa, bai fi ƙwayar dabino ba, ya ce shi ne ya tsage. Ya ce jini ba ya isar masa sosai, don haka ba ya saurin haɗewa, in aka yi wasa da shi yana iya lalacewa. Aka naɗe ni da farin simintin nan na asibiti tun daga ƙasan gwiwar hannu har babban yatsa.

A lokacin shekara biyu ke nan da rasuwar matata. 'Ya'yanmu duk sun yi nisa, ɗaya a Katsina, biyu a Kaduna. Gidan ya yi mini yawa. Abin da ya riƙe ni shi ne ciyayya a ƙofar gidan maƙwabcina, wani dattijon malami mai makarantar allo. Bayan magariba magidanta biyar kowa ya fito da kwanon gidansa, a haɗa a ci tare. Da aka share makoki na daina fita, don ba ni da kwanon da zan kai. Malam ya zo har zaure ya ce, "Hedimasta, kai dai ka taho da hannunka." A wannan tabarmar kaɗai nake jin muryata ta fita a yini.

To ga hannun an ɗaure. Ranar farko na gwada a gida, na ga yatsun ba sa iya yankar loma, balle su mulmula ta. Saura hagu. Ni da na yi shekaru ina bugun hannun yaran da suka miƙo mini littafi da hagu, in tsoma hagu a kwanon da dattawa ke ci? Na san larura ce, na san addini bai hana ba. Girman kai ne kawai, kuma ina da shi tun ina saurayi, matata ta sha faɗa mini.

Sai na yi ƙarya. Na ce likita ya hana ni shan iskar yamma. Suka yarda, ko suka yi kamar sun yarda. Kullum a aiko mini da tuwo daga gidan Malam, in rufe ƙofa in zauna a tsakar gida in ci da hagu, miya tana bin hannuna har gwiwa. Ta kan katanga ina jin su, ƙarar murfin kwano, gardamar taki, dariyar mai gyaran rediyo da ba ta da kai. Wani lokaci in ba da amsa a zuciyata, har in ci gardamar. Kaɗaici na ji irin wanda ban ji ba ko a makon rasuwarta, don a lokacin gidan cike yake da mutane.

A rana ta arba'in da ɗaya na manta ban sa sakata ba. Malam ya yi sallama ya shigo, ya same ni da loma a hagu, miyar kuka ta ɓata mini gaban riga. Ya tsaya ya dube ni, ya dubi simintin.

"Wannan ita ce iskar yamman?" in ji shi.

Na mayar da lomar cikin kwano.

"Mu muna can muna ta lissafin mi muka yi maka. Har na sa an rage daddawa a miya, na ce ko ita ta kore ka."

Ya ja buta ya wanke hannu, ya zauna. Ya yanka tuwon loma-loma ya jera a gefen kwano, yadda matata ke yi wa yara suna ƙanana. Ya ce, "Gobe ka taho. Hannu na ce maka, ban ce wanne ba."

Na je. Na ci da hagu a gaban mutum biyar, ba wanda ya ko ɗaga kai, sai mai rediyo da ya ce ashe hagun ma ta fi damar saurin kai loma.

Ƙashin ya haɗe bayan wata uku. Yanzu sai in hadari ya taso yake ɗan yi mini tsami. Malam kuwa bai ga daminar da ta biyo ba. Bayan rasuwarsa aka yi ta cewa za a ci gaba da ciyayya, aka yi mako biyu, sai kowa ya koma cin nasa a cikin gida. Ashe shi ne ke tara mu.

Hannuna na dama lafiya lau yake, yana yanka loma yana mulmulawa. A tsakar gida nake ci, ƙofa a buɗe. Wani lokaci in na wanke hannu nakan danna wurin nan na gindin babban yatsa, in tuna akwai kwana arba'in da ɗaya da Malam yana raye a bayan katangar nan, an shimfiɗa tabarma, an bar mini wuri, ni kuma na sa sakata.