Jitar Namadi Mai Tsirkiya Fuɗu

Namadi na Fakku makaɗin molo ne, ɗan makaɗin molo. Ba zan rage masa ba, hannunsa na da daɗi, kan ne dai babu kowa a ciki. Ubansa ya yi wa gidan Ɗangiwa kiɗan noma har ya mutu, shi kuma ya gaji molon da ubangidan gaba ɗaya. Ɗangiwa na da takensa, wani ɗan kiɗi siriri mai sauri, wanda ko cikin barci ya ji shi sai ya laluba fartanya. Da wannan taken Namadi ke ci, da shi yake sha, da shi ya yi aure.

Sai anka ba mu jiha, kuɗin mai sunka shigo, kowa ya haukace. Wanda bai iya keke ba ya sayi babur. Ni a lokacin ina gyaran rediyo a bakin kasuwar Tambuwal, na ga abin da idona.

A shekarar nan Ɗangiwa ya yi dami dubu, anka sa ranar naɗa shi Sarkin Noma. Ya tsufa, idonsa ya fara tafiya. Ɗansa Atiku, wanda ya samu kwangilar kwalbati ya koma sa tabarau, ya ce zai ɗauko masu jita daga Sakkwato, wai molo kayan ƙauye ne. Maganar ta kai kunnen Namadi, ya kasa cin tuwo. Tsoronsa kada a yi naɗin ubangidansa yana tsugune bayan taro, baƙi na kiɗa a wurin ubansa. Maimakon ya je ya tambayi tsohon abin da yake so, sai ya hau motar Kebbe ya sauka Tambuwal neman jitar lantarki.

Anka yi rashin sa'a ya samu. Wani Ladan, direban babbar mota mai zuwa Ikko, ya tsaya kusa da rumfata da jita uku da wasu makaɗan otal sunka sa ya kawo, sunka fasa karɓa. Biyu masu tsirkiya shida, ja da fara, sai wata baƙa doguwa mai tsirkiya fuɗu. Ina da batirin mota, ina da lasifika. Na ce Ladan ya kawo mu jona, Namadi ya taɓa kowace ya ji. Namadi ya dube ni kamar na zagi uwarsa. Wai a gidansu ba a yin haka, muryar farko ta sabon abin kiɗa ta ubangida ce, ba a zubar da ita a kasuwa gaban mahauta. Ko da yatsa bai yarda a taɓa ba.

To yaya za ka zaɓa? Sai ya zaɓa yadda ake zaɓen ragon Layya. Ya ɗaga ja, ya ce ba nauyi. Ya ɗaga fara, ya ce wuyanta gajere ne, kuma tsirkiya shida aikin marasa sana'a ne. Da ya ɗaga baƙar har ya yi nishi, sai fuskarsa ta washe. Ga jiki, ga wuya, ga tsirkiya kamar igiyar guga, kuma da tsirkiya ɗaya tak ta fi molo. Na gaya masa na taɓa ganin irinta a Kaduna, ba ta waƙa, gurnani take yi a bayan sauran. Ya ce, “Kai dai gyara rediyonka, malam. Ni nika kiɗi, ba kai ba.”

Kuɗin da Namadi ya kawo bai kai ba. Ladan ya ce Turawan Ikko na son tsofaffin kaya, ya cika da molon. Wallahi na ɗauka Namadi zai yi gardama. Ya sauke molon ubansa daga kafaɗa ya miƙa, kamar mai ba da aron buta.

Ranar naɗi ni na kai batir da lasifika Fakku a kan babur, hanyar nan ta kusa zubar mani da haƙora. Masu jitar Atiku ma ba su zo ba, an ce motarsu ta lalace a Jabo. Fili ya zama na Namadi shi kaɗai, abin da da molonsa zai samu a banza. Da hantsi anka naɗa wa Ɗangiwa rawani, anka zaunar da shi, anka ɗora masa fartanya a cinya, jama'a na jiran a sa take ya zabura. Namadi ya fito da sabuwar riga, ya tsaya daf da shi, ya kai hannu ga tsirkiya.

Lasifika ta yi wani irin gunji kamar sa a cikin rijiya. Mata sunka ja baya, wani jaki ya tsinke igiya. Ya sake gwadawa, yatsun na bin hanyar da sunka sani, tsirkiyar ta ƙi bin su. Takaici ya ishe ni, na so in cire wayar in huta, na kasa. Shi ko gumi har gemu, yana ta bugu.

Ɗangiwa bai motsa ba. Ya karkata kai yana saurare, yana neman wani abu ta bayan wannan ƙara. Can ya ɗaga hannu anka yi shiru, ya juya wajen Atiku.

“Wanga baƙo ya yi ƙoƙari, a sallame shi. Wai Namadi bai zo ba? Rana irin wagga?”

Namadi na tsaye gabansa, da ya miƙa hannu da ya taɓa rawanin, amma sai ya saɓa jitarsa ya koma bayan taro.

Daga baya ya koma sayar da itace a tashar Kebbe, jitar na rataye a ɗakinsa, matarsa Marka na shanya ɗankwali a wuyanta. Ya sa an sassaƙa masa wani molon. Kafin fatar ta bushe anka yi jana'izar Ɗangiwa, kuma har ya mutu yana gaya wa masu gaishe shi cewa Namadi bai zo naɗinsa ba.