Ruwan Da Umma Ta Sha

Ko zan manta da komai na zamanmu a unguwar Tandabawi ta Makka, ban da ranar da mahaifiyata ta karɓi kofin ruwa daga hannun maƙwabciyarmu. Wani zai ce ruwa kawai? To a gidanmu ba ƙaramin abu ba ne.

Da wani labari muka taso. Wai ɗaruruwan shekaru da suka wuce, zamanin da ake zuwa hajji da ƙafa, kakan kakanninmu ya baro ƙasar Katsina tare da amininsa. Bayan sun wuce Borno suka isa wata rijiya a cikin sahara. Kakanmu ya sunkuya zai ja guga, aminin ya hankaɗa shi ciki, ya kora raƙumansa ya yi gaba. An ce ya iso Makka lafiya, amma tun daga ranar, in ya ɗaga ƙwarya zai sha, sai ya ga fuskar wanda ya kashe a cikin ruwan. Shi ya sa zuriyarsa ke rufe ido in za su sha ruwa. Mu kuma aka bar mana gargaɗi: duk jininmu da ya sha daga hannunsu, ba zai ga ƙarshen shekara ba. Kada ku tambaye ni wa ya ga kisan har ya ba da labari. Na taɓa tambaya, saura ƙiris gwaggona ta kwaɗa mini mari.

Maƙwabciyar tamu tsohuwa ce mai sayar da ƙosai, iyayenta sun zo ta Chadi. Gwaggo ce, yayar babana, ta fara lura cewa tana rufe ido in za ta sha ruwa. Ta bi ta da tambaya har ta gano garinmu ɗaya na asali. Shi ke nan, ta ce zuriyar aminin nan ce, magana ta ƙare. Umma, da yake ita ma jininmu ce don auren zumunci suka yi da babana, kan ci ƙosanta, su yi hira, su yi dariya, amma da an miƙo ruwa sai ta ce ba ta jin ƙishi, ko da kuwa zafin Makka na neman narkar da mutum. Tsohuwar ta san dalili sarai, ba ta taɓa nuna komai ba. Ita ce ma ta raka Umma mustashfa, wato asibiti, ranar haihuwar autarmu, ta zauna da ita har aka sallame su.

Ina budurwa tsohuwar ta kwanta ciwon ajali. Wata rana bayan la'asar ta aiko a kira Umma. Na bi ta, Gwaggo ma ta biyo mu, don ita ba a yin abu a bayanta. Muka tarar da tsohuwar duk ta rame. Ta ce in zuba mata zamzam a kofi. Na ɗauka sha za ta yi, sai ta riƙe shi da hannu biyu ta miƙa wa Umma.

"'Yar nan," in ji ta, "ni ban kashe kowa ba. Kada ki bar ni in je gaban Allah da kayan wani a kaina."

Gwaggo ta damƙi abayar Umma ta ce mata halas, wato ya isa haka, ta tuna tana da 'ya'ya ƙanana. Ni ina ganin labarin tatsuniya ce, amma Umma ta yarda da shi har cikin zuciyarta. Na ga hannunta na rawa, na ga gumi a goshinta. A wurinta, mutuwa ce ake miƙo mata. Ta daɗe tana kallon kofin, sannan ta yi bisimilla ta sha rabi.

"Inna, ga naki," ta ce.

Tsohuwar ta karɓa. A karon farko a rayuwarta ba ta rufe ido ba. Ta leƙa cikin kofin sosai, ta ɗago tana murmushi ta ce, "Ashe moya ce kawai, ruwa zalla. Ba kowa a ciki." Ta shanye. Hawaye na yi, amma wallahi ban taɓa jin alfahari da uwata kamar na lokacin ba.

Ba a jima ba tsohuwar ta rasu, Umma ce ta yi mata wanka. Gwaggo kuwa shekarar nan kaf ta yi ta tana gadin Umma. Ko atishawa ta yi sai ta fara salati. Shekara ta ƙare, wata ta biyo. Yau Umma na nan Makka a unguwar Shisha, jikokinta na hawa kanta suna yi mata Larabci, tana mayar musu da Hausa.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, laifin wanda ya mutu ba gado ba ne da za a raba wa jikoki. Kuma ni da ban ji tsoro ba, ban yi komai ba. Wadda hannunta ke rawa ita ce ta sha.