Tabon Yatsa a Gefen Zanen Sojoji

Ina shekarata ta biyu a Birmingham abin ya faru. A unguwar Selly Oak nake zaune, a wani gida da muka haɗu mu huɗu muka kama, ina karatun digiri na uku a kan yadda mujallun Turawa na mako-mako suka riƙa zana sojojin Hausa a yaƙe-yaƙen da aka yi a Afirka ta Yamma. A wancan zamani ba a iya buga hoton kyamara a mujalla ba tukuna. Mai zane zai zana, wani ya sassaƙa zanen a jikin katako, a shafa tawada a danna. Da haka mutanen ƙasar nan suka fara ganin fuskar Bahaushe, wani lokaci da bindiga a kafaɗa, wani lokaci a zanen barkwanci an ƙara masa leɓe har ya kusa taɓa ƙirji. Na sha yin tsaki ni kaɗai a gaban irin waɗannan.

Mujallun da nake nema suna Manchester, a wani ɗakin ajiyar tsofaffin takardu. Sai da na sha cike-ciken takardu, malamina ya sa hannu, kafin su ba ni katin shiga. A cikin sharuɗɗan da na sa wa hannu an rubuta ɓaro-ɓaro cewa duk wanda ya lalata musu abu za su iya karɓe katinsa. Ni kuwa idan babu katin nan babu bincike. Sai dai in tattara komatsaina in koma Kano in kalli idon Babana, wanda tuni ya gama gaya wa 'yan masallacin unguwarmu cewa 'yarsa ta kusa zama dakta.

Ranar wata Asabar aka yi bikin ƙawata a Balsall Heath, aka samo mana mai ƙunshi. Na ce ni ja kawai nake so a kan yatsu, ya kuwa kama ya yi rangaɗau. Litinin da safe na hau jirgin ƙasa zuwa Manchester ina ta juya hannuna ina yaba kaina.

Mai kula da ɗakin karatun wata dattijuwar Baturiya ce, siririya, tabarau a rataye a wuya. Ba ta da faɗa, amma idan ta kalle ka sai ka gyara zama. Dokarta ba ta canjawa: jaka a loka, fensir kawai, ka wanke hannu ka busar kafin ka taɓa komai. Ta kalli yatsuna ta ce sun yi kyau, ta kawo mini kundin da na nema, mujallun wata shida an ɗinke su wuri guda, ta ɗora a kan matashin soso.

Da azahar ta yi na fita na yi alwala, na yi salla a wani lungu kusa da lokoki. Sanyin ƙasar nan yana tsattsaga mini hannu, kuma tun ina yarinya Ummana ta saba mana cewa mace ba ta taɓa ruwa ta bar hannunta furu-furu. Na ciro ɗan man kaɗanyata na murza, wallahi ko tunani ban yi ba. Na koma na zauna na ci gaba da buɗe shafuka.

Na daɗe a kan wani zane. Sojoji ne a bakin kogi, ɗaya ya zauna a ƙasa yana ɗaure ƙafarsa da tsumma, kuma wanda ya sassaƙa shi ya yi masa adalci, ya bar masa fuskar mutum. Da na ɗaga hannuna zan juya shafin, sai na ga wani tabo ja-ja a gefen takardar, daidai inda babban yatsana yake. Siffar yatsa ce sak, har da layukanta.

Na kalli tabon, na kalli yatsana mai lalle yana sheƙin mai, na ce a raina shi ke nan, na shiga uku. Takardar da ta haura shekara ɗari tana zamanta lafiya, sai da na taso tun daga Kano na zo na dangwala mata ƙunshin biki!

Abin da na yi bayan nan har yau ina jin kunyarsa. Na rufe kundin a hankali, na mayar wa dattijuwar, na ce kaina ne yake ciwo. Ta ce Allah ya sawwaƙe irin tasu, na ɗauki jakata na fice kamar wadda ta yi sata.

Kafin magariba ina gida. Na zauna a kicin na jawo farar takarda, na danna yatsa a bushe, babu komai. Na shafa man na sake dannawa, sai ga shatin yatsa ya fito, ruwan ɗorawa-ɗorawa. A haka Anti ta same ni. Ma'aikaciyar jinya ce 'yar Kafanchan, ita ce babba a gidan, ta dawo daga aiki ko takalmi ba ta cire ba. Ta kalli takardun da na cika teburin da su ta ce, "Ƙanwata, zaɓe ake yi a gidan nan ban sani ba?"

Na gaya mata komai ina hawaye. Ta zauna ta ɗauki takarda ɗaya ta ɗaga ta a haske.

"Wannan ai ba ja ba ne."

"Anti, tsohuwar takarda ta fi shan abu."

"To ke yanzu me kika yanke?"

Na ce zan yi shiru, wataƙila ba wanda zai sake buɗe shafin nan sai bayan shekaru. Ta yi mini wani kallo. Ta ce, "Ke da ko biro aka manta a ɗakinki sai kin bi gida kina cigiya? Ba za ki iya ba. A wurin aikinmu idan ka yi mistake ka yi report da kanka, gyara ake yi. Idan aka gano ka ɓoye, nan ne ake sallamarka. Gobe ki koma."

Na ji haushinta ƙwarai, don na san gaskiya ta faɗa. Kwana biyu ina jan ƙafa, abinci ba ya shiga, Babana ya kira na ƙi ɗauka. Ranar Alhamis na hau jirgi.

Ina shiga na zarce teburin dattijuwar, na ciro katina na ajiye a gabanta tun kafin ta nema. Na ce na ɓata musu shafi da lalle, kuma na gani tun ranar Litinin na yi shiru. Ta sa tabarau ta kalle ni, ta tambayi lambar kundin. Ta buga waya, ta ce in zauna.

Wata mata ce ta sauko, mai gyaran tsofaffin takardu, gajera mai fara'a. Aka kawo kundin aka buɗe. Tabon yana nan, ni a idona har ya ƙara girma. Ta sunkuya da gilashin ƙara girma ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce in biyo ta. Ta kai ni gaban wata na'ura a ƙuryar ɗakin, ta ce an taɓa ɗaukar hoton kowane shafi na kundin nan a fim, tun kafin ita kanta ta fara aiki a wurin. Ta zura fim ɗin tana juyawa, shafuka suna wucewa, ni kuwa ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina.

Sai ga sojojin a bakin kogi. Ga mai ɗaure ƙafa. A gefen shafin kuma, ga shatin yatsan nan baƙi ƙirin tunda fim ɗin ba mai launi ba ne, daidai inda yake.

Ta ce, "Wannan ya girme ki nesa ba kusa ba. Wani ne ya taɓa da shayi ko wani abu a hannunsa, Allah kaɗai ya san yaushe."

Na zauna a kujerar da ke gefe. Dariya ta zo mini tare da kuka, na rufe fuska da gyale ina ta alhamdulillahi. Ashe garin kallon fuskar sojan nan ban lura da tabon ba sai da na ɗora yatsana a kansa.

Ban dai tsira haka kawai ba. Da na ambaci man kaɗanya, mai gyaran takardun ta daina murmushi. Ta ce lallen da ya bushe ba ya damunta, man ne abin tsoro, don shi sai bayan shekaru yake nuna kansa. Ta koma ta bi shafukan da na buɗe bayan azahar ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin wata fitila, ina tsaye ina kallonta. Ta rufe ta ce ba ta ga abin damuwa ba, amma daga yau idan na fita salla in sake wanke hannu da sabulu kafin in zauna. Na ce ko sau goma ne zan wanke.

Na koma teburin dattijuwar. Katina yana nan inda na ajiye shi. Ta ce da na gaya mata tun ranar Litinin da na huta da kwana ukun nan, kuma ba ta so hakan ta sake faruwa. Na sunkuyar da kai na ce ba zai sake ba. Ta sa yatsa ɗaya ta turo mini katin.

"Ɗauki abinki," ta ce. "Wane kundi za a kawo miki yau?"

Na ɗauki katina. Na rubuta mata lambar a takarda da fensir.