Ya Ce Da Sauƙi, Na Ce Tamam

Ina kasuwar Ataba a Alƙahira ina ɗaure abayoyin wata Hajiya da za ta koma Kano aka kira ni aka ce ƙanena ya faɗi a wurin aiki, an wuce da shi asibiti. Na bar kayan a buɗe na tari mota. Kafin in isa, rai ya yi halinsa.

A lokacin ni ɗan aiken 'yan kasuwa ne a Alƙahira, karatuna bai wuce firamare da allo ba. Ɗaki ɗaya muke da shi a unguwar Ard al-Liwa. Shi kuwa yana shekara ta uku a jami'a, yana karanta kwamfuta. A hutun zafi na 2014 aka zaɓe shi cikin ɗaliban da za su koyi aikin bincike a wani ɗaki da aka haɗa manyan na'urori suna lissafi tare. Yadda ya bayyana mini, kowa da ranar da ake ba shi na'urar, wanda ya rasa tasa sai ya koma ƙarshen layi. Aikinsa shi ne ya koya wa na'ura karanta ajami. Yakan tsokane ni cewa za ta riga Yaya iya karatu, tunda ni a waya kore da ja kawai na sani. Har ya sa na roƙi kawunmu ya aiko da waƙoƙin da kakanmu ya rubuta da hannunsa, don a gwada ta da su.

Ana saura 'yan kwanaki layinsa ya zo, ciwon ciki ya kama shi. Ya daina cin abinci, yana tafiya a ɗan sunkuye. Duk sanda na ce ya jiki, sai ya ce da sauƙi. Malamar da ke kula da su, wata Bamisiriya, ta lura da fuskarsa, ta nemi lambata ta kira ni. Ta ce shi ba ya gaya mata komai, ni da nake kwana da shi in faɗa mata gaskiya. Yana kwance a gefena, na juya na tambaye shi, ya ce Yaya da sauƙi, don Allah kada in sa a cire shi. Sai na ce mata tamam, wato lafiya lau a Larabcinsu, ya samu sauƙi. Ta ce khalas, shi ke nan, ya zo gobe.

Likita ya ce afendis ne ya fashe, kuma da an kawo shi da wuri aiki ne mai sauƙi. Na san kwana ne ya ƙare, ban ja da hukuncin Allah ba. Amma ni Bahaushe ne, na san mahaifinmu ma da sauƙi ya ce mana a ranar da ya rasu. Kalmar ladabi ce da tawakkali, ba bayanin ciwo ba ce, kuma na ɗauke ta na miƙa wa wadda ba ta san haka ba. Da malamar ta zo ta'aziyya ta ce mini ma'alish, wato in yi haƙuri, sannan ta ce da ta sani da ta ajiye masa ranarsa har ya warke.

Shi ya sa na rubuto. Duk mai ɗa ko ƙane da ke neman wani matsayi a ƙasar mutane, ya sani yaro zai ɓoye ciwo don kada dama ta wuce shi. In ya ce da sauƙi, a amsa da Allah ya ƙara sauƙi, sannan a zauna a tambaye shi ina ne, tun yaushe, a kuma kai shi a duba.

Waƙoƙin kakanmu sun iso bayan sadakar bakwai. Malamar ta ce in kawo, wani ɗalibi zai ci gaba daga inda ya tsaya. Suna cikin akwatina, har yau ban kai ba.